Daga Ƙofa Zuwa Dajin Falgore a Kan Keke

Da aka sallame sallar asuba a Ƙofa ban koma ɗaki ba. Keken yana jingine a zaure tun dare, na ɗaure masa gorar ruwa biyu da famfo da tib guda na ko-ta-kwana, sai ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli. Kawuna, wanda na sauka a gidansa, ya fito da carbi a hannu. Ya daɗe yana duban keken kafin ya ɗago ya dube ni.

"Yanzu da gaske Falgore za ka a kan wannan?"

Na ce, "In sha Allahu, Kawu."

"To, kada ku kuskura ku shiga dajin ba tare da malamin daji ba, kuma kada la'asar ta riske ku a ciki. Allah ya kiyaye hanya."

Ɗansa ne abokin tafiyata, saurayi mai kimanin shekara ashirin da biyu, wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Bebeji kamar yunwar cikinsa. Shi tsohon keken Phoenix na gidan ya hau, baƙi, mai kariyar ƙarfe a baya, wanda ya sha ɗaukar buhun taki da na masara. Nawa kuwa aro ne daga wani aboki a Kano. Kansa a lanƙwashe yake kamar na keken tsere, amma tayoyinsa masu kauri ne da haƙora, ga giya iri-iri ta hawa da ta gangara. An ƙera irinsa ne domin hanyar da ba kwalta. A ƙasashen Turai da Amurka hawan keke a hanyar tsakuwa ya zama wasa mai zaman kansa. A garin Emporia na jihar Kansas akwai tseren mil 200 da aka fara tun 2006, an yi gasar duniya ta farko a Italiya a 2022, a Kenya ma ana yin irinta a yankin Masai Mara. Da na ba ƙanen nawa wannan labari muna fita gari, sai ya ce, "Yaya, ai mu nan kullum a cikin gasar muke, sai dai mu da kaya muke yin ta." Gaskiya ya faɗa. Kafin hantsi mun wuce mutum ya fi goma a kan keke, wani da dami, wani da jarkokin ruwa, wani da akuya a kwando za shi kasuwa.

Abin da ya fitar da ni shi ne ina so in bi Kogin Kano ta baya, daga inda aka tare shi zuwa inda yake fitowa, kuma in bi shi a hankali. Na ratsa Falgore a mota sau da dama a hanyar Jos. Direba yana shiga dajin yake ƙara wuta, fasinjoji su yi tsit, kowa na addu'a a zuci, ba wanda yake kallon itace. Na lura duk tsawon shekarun nan ban san dajin da komai ba sai da tsoronsa.

Lokacin kaka ne, hunturu ya fara leƙowa. Muka bar kwalta muka kama burji ta gabas. Gonakin dawa sun sunkuya da nauyin zangarniya, an riga an karye masara, mata na sussukar shinkafa a kan tamfol, an shanya barkono a kan fako ya yi ja wur. Hanyar burji tana da halinta. Inda marmara ta daddale, keke gudu yake kamar a kwalta. Inda manyan motoci suka bar gargada kuwa, sai ka ji hannuwanka na rawa har kafaɗa, dole ka ɗaga daga sirdi ka bar gwiwa ta shanye. Abokin da ya ara mini keken ya ce in rage iskar taya idan na bar kwalta, na kuwa ga amfanin hakan, domin tayar da ba ta cika tam ba ta fi kama ƙasa, ba ta tsalle a kan tsakuwa.

Ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda mini tayar baya. A ƙauye na gaba muka sami mai faci a gindin darbejiya, dattijo mai furfura, da bahonsa na ruwa da gwangwanin sholisho. Ya tsoma tib a ruwa har kumfa ta nuna wurin, ya kankare, ya shafa, ya jira ya sha iska, sannan ya manna. Bai taɓa ganin birki irin na keken ba, mai faifai a tsakiyar ƙafa, sai da ya juya ta sau uku yana dubawa. Ya ce, "Samari, in daji za ku, ƙayar da ke can ta fi ta nan. Ku riƙa bin sawun shanu, sun riga sun tattake muku." Na ce, "Mun gode, Baba." Wannan shawara ta yi mana rana washegari.

Da azahar muka iso Tiga. Duk wanda ya taso a Kano ya san sunan, amma tsayawa a kan bangon madatsar daban ne. Bango ne na ƙasa da dutse mai tsawon kimanin kilomita 6, an gina shi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan da yake iya riƙewa kuwa ya kusa mita biliyan 2 a ma'aunin faɗi da tsawo da zurfi. Ka duba kudu ba ka ganin ƙarshensa, sai kwale-kwalen masunta kamar ɗigon tawada. Daga nan ake sako ruwan da ke bin magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani na tumatir da shinkafa da alkama da albasa. Ruwan da ya bi kogi kuma ya haɗu da Kogin Chalawa, birnin Kano ya sha, ragowar ya zama Kogin Haɗeja, ya nufi fadamun Nguru. Na tsaya ina tunanin miyar da aka ci a gidana a makon nan. Tumatirinta da wannan ruwan aka shayar da shi, ruwan kuma daga dajin da nake gudun kallo ta tagar mota ya fito.

Daga Tiga zuwa Tudun Wada ba abin faɗa da yawa sai rana da ƙura da hawa da sauka. Mun isa bayan magariba, ƙafafu sun yi nauyi. Tudun Wadan Ɗankadai garin shinkafa ne, ko'ina ka bi ƙamshin turararriyar shinkafa ke tashi daga gidaje. Muka kwana a gidan wani abokin kawuna. Bayan tuwo, mai gidan ya ja mu da hira har dare ya raba. Ya tuna mana cewa wannan yanki bakin iyaka ne tun zamanin sarakuna, lokacin da mayaƙan Ningi suke fitowa daga duwatsu su kai hari kudancin Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Daga nan ya gangaro zuwa shekarun baya-bayan nan, wajen 2015, da ɓarayin shanu da masu tare hanya suka mai da Falgore gida. Ya ce akwai lokacin da in rana ta karkata ba motar da ke shiga. Sai da aka girke sojoji, gwamnatin jiha a zamanin Ganduje ta gina musu wurin atisaye a dajin, sannan mutane suka fara samun barci. Shi ne ya haɗa mu da malamin dajin da zai raka mu, ya kuma sa muka sanar da jami'an tsaro sunayenmu da lokacin da za mu fito. Duk mai niyyar irin wannan tafiya, ina roƙonsa kada ya tsallake wannan mataki, kuma ya tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a ranar da zai shiga, ba labarin makon jiya ba.

Malamin dajin mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, ya kai shekara hamsin. Ya ajiye babur ɗinsa ya ari keke, ya ce ƙarar inji tana korar duk abin da muka zo gani. Muka bi kwalta da sassafe, muka gaisa da sojoji a shinge, can gaba ya karkata hagu ya kama wata 'yar hanya da ciyawa ta kusa rufewa.

Abin da na fara ji shi ne sanyi. Ba sanyin hunturu mai busar da leɓe ba, sanyin inuwa mai ɗan laima, irin wanda ba a samu a gonakin da muka baro. Sai kuma shiru. Bayan ƙarar tayoyinmu a kan tsakuwa da busasshen ganye, ba ka jin komai sai kukan kurciya da cilakowa. Wanda ya saba da dajin arewacin Kano, na sabara da kalgo da gawo jefi-jefi, zai ɗauka wata ƙasa ya shiga. A nan itatuwa kafaɗa da kafaɗa suke. Malamin yana tafe yana nuna mana da haɓa: ga doka, ga maje mai miƙaƙƙen jiki, ga marke, ga kawo, ga taura, ga kaɗanya, ga maɗaci can ya fi kowa tsawo. Ƙanena ya tsaya ya tsinko tsamiya. Ciyawa ta fi mu tsawo a wasu wuraren, tana dukan fuska, tofa da gamba suna kama feda. Muka bi shawarar mai faci, muka riƙa sa taya a sawun shanu.

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe wurin da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji a 1969. Faɗinsa ya kai hekta dubu 92, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ta gabas kuma yana fuskantar dajin Lame-Burra na jihar Bauchi. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sa sunansa cikin dazuzzuka 10 da za a mayar gandun daji na ƙasa. Waɗannan duk na karanta kafin in zo. Abin da takarda ba ta gaya mini ba shi ne yadda ƙasar take gangarawa a hankali, har ka ji keke na tafiya da kansa, ka san kogi na kusa tun ba ka gan shi ba.

Muna cikin gangarar malamin ya ɗaga hannu. Muka taka birki. Garken gwaggon biri ne ke tsallaka hanya, sun fi ashirin, uwaye da 'ya'ya maƙale a ciki, wani ƙaton namiji ya zauna a kan dutse yana kallonmu har na ƙarshe ya wuce, sannan ya bi baya ba gaggawa. Ba wanda ya yi magana a cikinmu. Da a mota nake da tuni na wuce, da a babur nake da tuni sun ɓace. Daga baya mun tayar da zabin daji, mun ga jan biri guda a kan ɗinya, mun ga inda mugun dawa ya tone saiwa. Tsando ma ya same mu a wani kwari, cizonsa kamar allura, yana ratsa riga.

Kusa da kogin hanya ta koma rairayi. Duk kaurin tayata sai da ta nutse, muka sauka muka tura. A nan tsohon Phoenix ya nuna nauyinsa, muka riƙa kama wa juna.

Kogin Kano a wannan wuri bai yi kama da wanda ake gani a gadar Wudil ba. Ruwan ya ja baya bayan damina, ya bar farin yashi mai faɗi da duwatsu masu santsi, yana gudana a tsakiya garai-garai, ana ganin ƙananan kifaye. Gaɓa biyu kurmi ne ya rufe su, kanya da ɓaure da gora sun sunkuyo kan ruwa. Muka jingine kekuna, muka yi alwala, muka zauna. Malamin ya zagaya yashin yana karanta sawu kamar mai karanta allo: wannan na gada ne, wannan na mazo, wannan na dila, ya sha ruwa da asuba. Na tambaye shi gwanki da ɓauna, waɗanda tsofaffi ke ba da labarinsu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, lokacin da na kama aiki ina ganin sawun gwanki a mashayar nan. Yanzu na daɗe ban gani ba." Sawun da ya fi yawa a yashin na shanu ne. Can ƙetare wani yaro Bafulatani da sanda a kafaɗa ya ɗaga mana hannu, muka ɗaga masa.

Da a nan tafiyar ta ƙare da na dawo da labari mai daɗi zalla. Amma malamin ya ce akwai abin da yake so in gani tunda ni mai rubutu ne. Muka haura wata ƙorama, muka yi tafiyar kamar rabin sa'a. Tun daga nesa ƙaurin hayaƙi ya tare mu. Sai inuwa ta yanke, rana ta faɗo mana a ka. Fili ne da ya kai girman filin ƙwallo biyu, ba komai a cikinsa sai kututture. Yankan a shafe yake sumul, aikin zarto mai inji ne, ba gatari ba. A gefe ga tudun ƙasa biyu, ɗaya an riga an buɗe an kwashe, ɗaya yana fitar da siririn hayaƙi ta ƙofofi. Haka ake yin gawayi: a jera gumagumai, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta ci a hankali kwana da kwanaki ba tare da iska ta shiga sosai ba. Itace mai yawa ke shiga, gawayi kaɗan ke fita. Ƙirya da marke aka fi nema domin gawayinsu na da nauyi, yana daɗewa a murhu, su ne kuma ba sa girma da wuri. Na dafa wani kututturen ƙirya da hannuna biyu ba su zagaye shi ba. Wanda ya sare shi bai kai rabin shekarunsa ba, na tabbata.

Malamin ya ja ni bakin filin ya nuna mini ƙasa. Damina ɗaya kawai ta wuce tun da aka fara saran wannan gefen, amma har ruwa ya tsaga kwazazzabai, ya kwashe baƙar ƙasar sama ya bar tsakuwa. Inda itace yake, ganye na tare ruwan sama, saiwa na riƙe ƙasa, ruwan ya nutse ya riƙa tsattsafowa cikin kogi har rani. Inda babu, ruwan gaba ɗaya yake zubowa da laka da yashi, ya shiga ƙorama, ƙorama ta kai kogi, kogi ya kai Tiga ya sauke a gindin madatsa. Kowace shekara wurin ajiyar ruwa na raguwa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Manomin tumatir na Kadawa bai taɓa zuwa wannan fili ba, amma gonarsa ake sara.

A hanyar komawa muka yi kiciɓis da wani mutum yana tura keke, buhu uku na gawayi ɗaure a kai, ɗaya a kariya, biyu a gefe, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya ga malamin daji sai ya tsaya cik. Na matsa gefe na bar su. Ba faɗa aka yi ba, na ji dai malamin na cewa, "Haba ɗan'uwa, sau nawa zan gaya maka?" mutumin kuma na cewa, "Ranka ya daɗe, yara bakwai ne, gonar ba ta kai mu ko'ina ba bana." Na dubi tayoyinsa, sun suɗe har zare ya fito.

Ban iya jin haushinsa ba, kuma ba na jin ya kamata in ji. Buhunan nan ba a Falgore za a ƙona su ba. Bakin titi za a jera su, motoci su kwasa zuwa Kano, su shiga gidajen da gas da kananzir suka fi ƙarfinsu, da shagunan masu guga da masu shayi da masu gasa nama. Akwai buhu guda a kicin ɗin gidana a ranar da nake tsaye a wurin. Malamin daji ɗaya da keken aro ba zai iya tare buƙatar birni mai miliyoyin mutane ba. In ana son dajin ya tsaya, sai an ƙara masu tsaronsa an ba su kayan aiki, sai an kama masu zarto da masu manyan motoci kafin mai buhu uku, sai kuma matar da ke girki a Kurna ko Ɗorayi ta sami abin dafa abinci da kuɗinta zai iya. Ina ganin kuma mutanen ƙauyukan gefen dajin sun cancanci su ci moriyarsa yana tsaye: zuma, kaɗe, ɗorawa, rakiyar baƙi. Hanyar da muka bi a ranar, da za a gyara ta a tabbatar da tsaronta, matasan Kano masu hawan keke da safiyar Asabar za su biya kuɗi su zo, mai tura gawayin nan kuwa ya fi kowa sanin lunguna.

Mun cika umarnin Kawu, kafin la'asar muka fito kwalta ta ɓangaren Doguwa. Daga nan ana hango duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sun yi shuɗi cikin hazo. Ta wajensu ne ƙoramun da ke ciyar da kogin suke gangarowa. Na so mu ƙarasa, amma gwiwoyi sun ƙi, rana kuma ta karkata. Muka sha rake a bakin hanya, muka yi sallah, muka yi sallama da malamin. Na tambaye shi abin da yake so in rubuta. Ya ce, "Ka ce a riƙa kawo 'yan makaranta. Yaron da ya ga gwaggon biri da idonsa ba zai manta da dajin nan ba."

Muka tsayar da wata a-kori-kura mai zuwa Kwanar Ɗangora. Yaron mota ya ɗora kekunanmu a kan lodi ya ɗaure da igiya, muka hau muka zauna a gefe. Sai da muka zauna na ga lodin: masara ce a ƙasa, gawayi a sama. Motar ta shiga dajin, direba ya ƙara wuta kamar yadda suka saba. Ƙanena ya taɓa ni yana nuna dama, ya ce, "Yaya, ga hanyar da muka shiga da safe." Na juya da sauri, na ga bakinta a cikin ciyawa, da sawun tayoyi uku a kan jar ƙasa.